Kaset ɗin da Aka Saka a Gidan Suna

Gure, 4 ga Afrilu 1996

Zuwa ga Yaya Rakiya,

Assalamu alaikum. Ki gafarce ni da na ɗora miki karatun wannan takarda, ga hidimar shago, ga ajamina da ba ya miƙewa. Ina gaida maigida da yara.

Ranar Lahadi a gidan suna, maƙwabciyata Ya Kaka ta saka kaset ɗin da ta zo da shi daga wajenku. Ta ce aikin 'yan makarantar lise ne. Wai yanzu ana koya musu aikin jarida, an ce kowa ya yi hira da wani babba ya ɗauki muryarsa a manyeto, rikodan nan. Sai na ji muryar 'yata ta fari, wadda kika ɗauka riƙo tun yaye, tana cewa, "Jama'a, ga ni tare da innata."

Mata suka juyo suna dubana. Ya Kaka ta ce, "Zaliha, ashe ke wankan jego kawai aka bar miki!" Aka yi dariya, ni ma na yi.

Ban ce kin yi laifi ba. Ke kika ciyar da ita, ke kika sa ta makarantar lakwal. Amma abu ɗaya, don Allah. Kin ce ke kika yi jinyarta lokacin ƙyanda. Yaya, a ɗakina ta yi ƙyanda, tana wata goma sha huɗu, kina Kano sarin atamfa. Kwana tara ban sauke ta daga cinyata ba. Ban taɓa faɗa ba, don ba a faɗa. Yanzu Gure duka ta ji naki.

Na yi istigfari a kan abin da ya tsaya mini a zuciya, har yau bai sauka ba.

Ki huta lafiya.
Ƙanwarki, Zaliha

Damagaram, 12 ga Afrilu

Zaliha,

Wa alaikumus salam. Kowa lafiya, suna amsawa.

Ƙyanda taki ce, na yarda. Tari ne nawa, na haɗa su. Ƙarfen nan yana gaban bakina, ni kaina ban san me nake zubawa ba.

Amma tsaya. Hutun da ya wuce, wa 'yar taki Zaituna ta fara kai wa manyeton nan? A cinyarta ta riƙe shi tun daga nan har Gure, da tambayoyi goma sha biyu a takarda. Ta zauna bakin tabarmarki, ta yi ta farko, kika ce, "A ce wa yarinyar nan ta je ta ci abinci." Wa zai ce mata? Ku biyu ne a tsakar gida!

Kunyar 'yar fari ce, na sani, haka Inna ta yi mini har ta koma ga Allah. Amma ita 'yar yanzu ce. Ta dawo ta ce uwarta ba ta son magana da ita. Ta yi kuka, ni na share, na zauna na yi mata hirar. To sai in ƙi?

Kuma don ki sani, aikin bai karɓu ba. Mushensu, malamin nasu, ya mayar mata, ya ce a darasinsu ba a ɗaukar labari daga baki ɗaya, sai ta jiyo ɗaya ɓangaren kafin ƙarshen Mayu.

Na ba ta takardarki. Ajamin ya ba ta wuya, ta yi ta bi da yatsa har ta kai kan kwana taran nan, ta tsaya. Ta tambaye ni ko za ki yarda yanzu. Na ce ban sani ba, uwarki ce.

Gai da mutan gida.
Yayarki, Rakiya

Gure, 19 ga Afrilu

Yaya,

Bayan gaisuwa. Ban ce ki nuna mata ba. Allah ya yafe mana.

Mushen nan ya yi gaskiya, ko a gaban alƙali shaida biyu ake nema. Ki sa ta a motar Ibram direba. Ba zan iya duban fuskarta ba. Zan zauna ina tsinkar zogale, ta ajiye abin kusa da ni, ta yi tambayoyinta duka.

Ke kuma ki zauna a shagonki, kada ki rako ta.

Ya Kaka ta ce naki labarin fuska ɗaya ta kaset ya cika. Ki ce wa yarinyar ta zo mini da sabo, fuska biyu, babu komai a kai.

Don Allah ki amsa da wuri, in san ranar.

Zaliha