Na Ce Masa Ya Motsa

Laraba, bayan Isha'i.

Yau na yi wa Baban Hafsa ƙarya. Da ya dawo daga tasha ya dafa cikina ya ce, "Mutuminmu ya motsa kuwa?" Na ce, "Sosai ma." Alhali tun safe ina kan keken ɗinki, ankon biki ya ɗauke min hankali, ban lura ba. Ga shi nas ta ce kullum in riƙa ƙirga motsinsa.

Na sha ruwan sanyi, na kwanta ta hagu. Shiru, shiru, can sai ya shure ni a haƙarƙari har sau uku. Na yi kuka a filo.

Baban Hafsa yana falo yana jin rediyo, hankalinsa kwance saboda maganata. Da bai motsa ba fa, da wane baki zan gaya masa?