Bindigar Da Na Naɗe Cikin Tabarma

Assalamu alaikum, jama'ar wannan shafi. Don Allah a ɓoye sunana, kuma kafin kowa ya yanke min hukunci ya daure ya karanta har ƙarshe, domin zagin da nake yi wa kaina ma ya ishe ni.

Ni malamar firamare ce a Sabon Gari, ina zaune a Samaru a gidan da marigayi mijina ya bar min. Shi ya dasa gwaiba da mangwaro a tsakar gidan, kuma shi ya saba ajiye kasko cike da ruwa a gindin gwaibar saboda tsuntsaye. Da ya rasu na ci gaba da cika kaskon kullum da safe, ina watsa ɗan gero, da niyyar Allah ya kai masa ladan. Kurciyoyi su sauka, marai su cika reshe da surutu, 'yar ƙaramar tsuntsuwar nan baiwar Allah kuwa har bakin ɗakina take zuwa. Wannan ne kaɗai abin da nake iya yi wa bawan Allahn nan yanzu.

Sai maƙwabcina, bari in kira shi Baban Hajara, ya yi ritaya ya rasa abin yi, ya je ya samo bindigar iska. Katanga ɗaya ce tsakaninmu, gajeriya. Mutum da furfurarsa ya hau benci yana leƙen bishiyata, tas! tas! tun daga hantsi har la'asar. Da ma ci yake yi, da na ce yunwa ce. Wallahi ba ya ci! Duk wadda ta faɗo ta wajensa mage yake jefa wa, wadda ta faɗo ta wajena kuwa ni ce mai sharewa. Ranar da na dawo daga makaranta na tarar da kurciya a cikin kaskon, ruwan ya koma ja, sai da na zauna a ƙasa na yi kuka. Wato ni nake tara masa su kenan? Sadakar mijina ce ta zama tarko?

Na saka hijabi na same shi a ƙofar gida, na gaishe shi da ladabi. Na ce, "Baban Hajara, don girman Allah ka bar tsuntsayen nan, ruwa kawai suke zuwa sha." Ya yi dariya har da tafa hannu. Ya ce, "Malama, tsuntsun sama ma naki ne? In kina da takardarsu ki nuna min." Na kai ƙara wurin mai unguwa, ya yi masa magana, ya daina kwana biyu, a rana ta uku ya dawo kamar yana ramuwa. Matarsa kuwa, Maman Hajara, baiwar Allah ce mai haƙuri, ƙawata ce ta gaske, ita ta zauna da ni har na fita takaba. Ita ma abin ya ishe ta. Ta katanga na ji ta wata rana tana cewa, "Malam, wallahi wata rana sai na jefa bindigar nan a rijiya!"

To ga inda na yi abin kunya. Wata Juma'a dangin mijina za su zo min daga ƙauyen Jama'a, tabarmina ba za su isa ba, na shiga aro. Shi ya tafi masallaci, ita tana kicin hannunta duk ƙullu. Ta ce, "Yaya, suna zaure, ɗauki da kanki." Ina ɗaga tabarma sai ga bindigar a jingine a bango. Ban shirya ba, Allah ne shaidata, amma ban kuma yi jinkiri ba. Na kwantar da ita, na naɗe ta cikin tabarma, na rungumo, har na ɗaga murya na ce, "Na gode, sai na dawo da su!" Ina shiga gida na sa taɓarya na karya ta gida biyu, na zura ta cikin shadda. Kuma in gaya muku gaskiya, daɗi na ji har cikin raina.

Ban san abin zai faɗa kan wata ba. Da ya nemi bindiga ya rasa, kai tsaye ya tuno maganar rijiya. Ta rantse, ta yi kuka, ya sa aka yashe rijiyar gidan, ba a ga komai ba, ya ce to wani wuri ta kai ta. Ina tsakar gidana ina jin komai, bakina ya ƙi buɗuwa. Washegari ya ce ta tafi gidansu a Shika sai ranar da bindigarsa ta fito. Matar da ta haifa masa 'ya'ya biyar! A kan ƙarfen kashe kurciya! Wane irin mutum ne wannan? Kuma ni da na yi shiru wace iri ce?

Yau sati uku kenan. Tsuntsaye sun dawo, gwaiba ta cika da kuka, amma ni ko kallon kaskon ba na iya yi. Har yanzu ban yi nadamar karya bindigar ba, ko yau aka sake ba ni ita sai na karya. Sai dai ba ta maiduwa, balle in jefa masa ta katanga asiri ya rufu. Idan na faɗi gaskiya, mutumin nan zai tara min unguwa, a ce malamar da ke koya wa yara tarbiyya ta shiga aron tabarma ta yi sata. Wa zai sake barina in taka zaurensa? Da wane ido zan kalli Maman Hajara?

Jiya ta kira ni a waya, muryarta duk ta dushe. Ta ce yayyenta za su zo ranar Juma'a a yi zama, kuma sun ce in ya ƙi janye zargin, gara auren ya ƙare. Ta ce, "Yaya, ke kika shigo gidan ran nan, kin gan ni a kicin. Ki zo ki shaide ni, ke kaɗai na yarda da ke." Na ce mata to.

Jibi ne Juma'a, jama'a. Me zan yi?