Zancen Paris da Mutanen da Suka Yi Golmo

Rikoto, Zuru
Jihar Kebbi

Zuwa ga Kawuna, Farfesa Philemon,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, tare da fatan kana lafiya, kai da Anti Gladys da yara. Muna roƙon Allah ya ƙara muku lafiya, ya tsare ku daga sanyin Amurka da Anti ta ce ya fara tsananta. Mu ma nan lafiya lau. Kaka ta samu sauƙin tarin da ya dame ta, har ta koma zuwa sujada da ƙafarta. Dawar gonar Dabai ta yi kyau bana, an fara yanka. Ɗan'uwana Francis ya koma bariki bayan hutunsa. Ni kuma sakamakona ya fito, na gama digirin tarihi, ina jiran kiran bautar ƙasa.

Kawu, dalilin wasiƙar nan shi ne sujadar godiya da majami'armu ke shirya maka a Disamba saboda zamanka cikakken farfesa. Kwamitin dattawa ya ɗora mini rubuta tarihin karatunka da aikinka, kuma ni zan karanta shi a gaban jama'a. Na bi bayanin da Anti ta turo mini, na gwada shi da abin da Mama ta tuna. Ga abin da na rubuta, ka gyara mini idan na yi kuskure: ka karanta Faransanci a jami'a a nan gida, ka yi shekarar koyon harshe a Lome, digiri na biyu a Dakar, na uku a Kanada. Bincikenka a kan yadda marubutan Nijar da Mali da Senegal suke nuna rayuwar manomi ne. Ka koyar a gida kafin ka tafi inda kake yanzu. Paris kuwa sau ɗaya ka je, taron malamai, kana da furfura a lokacin.

Na karanta wa kwamiti wannan. Baba Joel, shugaban kwamitin, ya ce in sake karantawa, na sake. Ya tambaye ni ina shekarun da ka yi a Paris. Na ce babu su. Baba Arzika ya ce Nijar dai da direbobi ke zuwa ɗauko albasa, ita ce za a ce ɗansu ya ƙare rayuwarsa yana nazari a kanta? Wani ya ce yaran yanzu da sun riƙe takardar digiri sai su fara gyara wa manya zance. Daga nan Baba Joel ya ce, "Idan bai je Faransa ba, mu wa muka yi wa noma?"

Ban gane maganar ba sai da na koma gida na tambayi Kaka. Ta ce lokacin da kake neman Anti Gladys, mahaifinta ya tsaya a kan sai an yi golmo, wato noman da saurayi ke yi wa surukinsa shekara da shekaru tare da sa'o'insa kafin a ba shi mata. Ka fara da hannunka, sai tafiyar Lome ta taso, Dakar ta biyo baya. Sa'o'inka suka ɗauki kunyarka, suka ƙarasa noman ba ka nan. Su ne su Baba Joel. Kaka ta ce a lokacin kowa a Dabai ya ɗauka mai karatun Faransanci Faransa yake zuwa, kuma idan samarin wani ƙauye suka yi musu ba'a cewa suna wahala ango ya gudu, amsarsu ita ce ɗan'uwansu yana Paris. Ta ce marigayi Kakanmu ya san gaskiya amma bai ga dalilin rage musu ƙarfin guiwa ba. Kai ma, in ji ta, duk zuwan da ka yi gida suka kira ka mutumin Paris, dariya kawai kake yi.

Ba laifi nake ɗora maka ba, Kawu. Damuwata ita ce ba zan iya tsayawa a gaban bagaden majami'a in karanta abin da na san bai faru ba. Ɗalibanka biyu sun ce za su zo, kuma za a ɗauki bidiyo. Haka nan ba na son in zama yarinyar da ta kunyata dattawa a ranar murnarsu. Mama ta ce in rubuta cewa ka yi karatu a ƙasashen Faransanci in wuce, kowa ya fahimci abin da yake so. Na gwada, na ga yaudara ce da aka sa wa riga, na goge.

Ga shawarar da na yanke. Zan faɗi Lome da Dakar yadda suke. A daidai wurin zan ce, yayin da kake can, ga waɗanda suke gonar surukinka a madadinka, in kira su ɗaya bayan ɗaya su miƙe. Na je gidan Baba Joel na faɗa masa haka, na kuma bayyana masa cewa littattafan da kake koyarwa labarin manoma ne irinsu. Sai ya ce kada in manta da Muntaka, wanda ya musulunta ya koma Ribah ya rasu a can, domin shi ne mai shiga gona kafin kowa. Amma zancen Paris, ya ce ba daga bakin yarinya zai ji shi ba, sai daga bakinka.

Saboda haka ina roƙonka ka kira shi kafin ka taso. Ka yi masa magana da harshenmu na C'lela, Kaka ta ce zai fi shigarsa.

Ka gaida Anti Gladys, da Divine, da Glory. Kaka da Mama da 'yar'uwata Theresa suna gaishe ku ƙwarai. Allah ya kawo ku gida lafiya.

'Yarka,
Praise

Ƙari: wayar Baba Joel ba ta kamawa a cikin gida sai a kan dutsen da ke bayan rumbunansa. Ya ce zai riƙa hawa kowace Lahadi da yamma ya zauna. Lahadin da ta wuce ya hau, duk da na faɗa masa ban aiko wasiƙar ba tukuna.