Kaskar Shanun Kukuo

Yaya Abdul-Baki,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya Mma da su Naila? Ni lafiya lau a Nairobi, barci ne dai ya yi ƙaranci.

Ka tuna kaskar da na cire a jikin shanunmu na unguwar Kukuo da na zo hutu Tamale? Bincikena a kan yadda sinadarin ƙarfen da ke cikin jini yake cin cikin kaska ne, kamar tsatsa. Shi ya sa na roƙe ka kada a yi wa shanun feshin maganin kaska. Ka rantse ba a yi ba.

Na tarar da cikin kaskar a lalace, na ɗauka aikin jinin ne, har na tsaya gaban malamaina na faɗa. Jiya a waya Mma take yabonka, wai feshinka ne ya ceci jar saniya ana jibi zan iso.

Yaya, da ka gaya mini, da ni zan riƙe maka igiyarta. Yanzu aikin shekara ya tafi, tunda ban san ko jinin ne ko maganin ne ya lalata cikin kaskar ba.

Ka gaida Mma. Kada ka yi mata faɗa, ba ta san cewa sirri ne ba.

Ƙanwarka,
Sawudatu