Khal Ɗin Baba Yahaya

Bahiya, ƙasar Birazil, cikin watan Azumi, 1278 Hijiriyya

Zuwa ga Yaya Altine, a Ikko.

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fatan kina lafiya, ke da maigida da yara, kuma ciwon gwiwar nan ya sake ki. Mu nan unguwar Barokinya lafiya lau, sai kewarki. Tun da kika hau jirgi kika bar ni, ba ni da abokiyar gulma sai takarda.

Baba Yahaya yana gaishe ki. Idon dai ya tafi gaba ɗaya, amma har yanzu shi ke jan mu salla, kuma bakin nan nasa yana nan yadda kika san shi.

Bana tsamiya ta yi wuya, na rasa abin da zan haɗa wa tsofaffi na buɗa baki. Sai Allah ya kawo sauƙi. Maigidana Usman, wurin dakonsu a bakin ruwa, ya samo ƙananan ganguna uku da aka sauke daga jirgin Fotugal. Mai kula da sito ya ɗanɗana ya tofar, ya ce giyar inabi ce ta lalace a hanya, ta zama ruwan khal mai tsami wanda ba ya sa maye, a kwashe. Muka tambayi Baba, ya ce giya in ta juye da kanta ta zama khal, ta halatta. Shi ke nan, sai nake tsarma shi da ruwan randa, in sa mazarƙwaila da citta.

Yaya, ki zo ki ga tsofaffi! Baba ya mai da kansa alƙalin ganguna. Sai ya shinshina, ya kurɓa, ya juya a baki, mu duk muna jiran hukunci. Ya ce ta farko tsaminta na ɗanyen mangwaro ne, ta ciji harshe ta gudu. Ta ukun ya ce ruwa-ruwa ce, ba ta da ƙashi, a ba Usman. Amma ta biyu, wai ƙamshinta na ƙasa ne bayan ruwan farko, kuma tana zama a maƙogwaro kamar baƙon kirki. Malam Isma'ila, na'ibinsa, ya dage ta farko ta fi, har suka yi ta musu suna dariya. Rabon da in ji dariyar Baba har na manta. Barci ma yanzu yana yi, tarin da ke damunsa ya ragu. Albarkar wata ce kawai.

Ki gai da kowa da kowa.

Ƙanwarki,
Lantana

Bahiya, goman ƙarshe na Azumi

Yaya Altine,

Bayan gaisuwa, ina fatan kina lafiya. Ni kam ba zan ce miki lafiya nake ba. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Ki nemi wuri ki zauna kafin ki ci gaba.

Kin tuna Bentu, Baturen Fotugal mai kanti a bakin layinmu, mai jan hancin nan? Shekaranjiya da la'asar ina juye khal a tulu a ƙofar gida, ya zo wucewa, sai ya ja ya tsaya yana buɗa hanci. Ya roƙe ni in sam masa. Na zuba masa a ƙoƙo don in rabu da shi. Ya juya ƙoƙon, ya shinshina, ya kurɓa, sai kawai na ga ƙaton mutum yana hawaye. Ya ce wannan giyar garinsu ce, wani yanki da ake kira Minyo, kuma tun da ya baro gida bai sake jin ta a bakinsa ba.

Na ce masa a'a, ta lalace, khal ce. Ya dube ni kamar na zage shi. Ya ce babu abin da ya same ta, haka suke yin ta a can, da tsaminta, mutanen nan ne ba su san ta ba. Na yi ta gardama, na jawo shi har gindin gangunan, ko zai ce ɗaya ce kawai. Ya bi su ɗaya-ɗaya. Ya ce ta farko sabuwa ce, tana da kaifi. Ta uku an cuce ta da ruwa. Da ya zo kan ta biyu ya sumbaci yatsunsa, ya ce wannan daga gonar kirki ta fito, ƙamshin ƙasar ma yana ciki. Wallahi, Yaya, kusan kalmomin Baba! Na zauna daɓas a ƙasa.

Giya, Yaya. Giya nake ba limaminmu yana buɗa baki da ita, tun farkon wata. Ta yaya za mu sani? A cikinmu wa ya taɓa sa ta a baki, balle ya bambanta? Mun san warin barasar rake da ke tashi a bakin matuƙan jirgi, wannan kuwa ba ta yi kama da ita ba. Ashe dariyar nan da barcin nan ba albarkar wata ba ce. Ashe ranar da Malam Isma'ila ya maimaita sura a asham, ba tsufa ba ne. Tir!

Ni ba kaina nake ji ba, Baba nake ji. Mutumin da ya riƙe mu a cikin jirgin bayi muna yara ba uwa ba uba, ya koya mana ko wannan rubutun da nake yi miki. Kin san abin da aka yi masa a gonar rake da ya ƙi shan rabon barasar da ake ba bayi. Aka ɗaure shi, aka fasa masa haƙoran gaba da ludayin ƙarfe, bai buɗe baki ba. An raba shi da garinsu da iyalinsa da sunansa, wannan kaɗai ya rage masa, da shi muke yi wa yara misali. Abin da Bature ya kasa da bulala, ni na yi shi da mazarƙwaila.

Bentu ya so ya saya, na ƙi. Na tuntsurar da gangunan duka a gindin ayabar bayan gida, na wanke tulu har hannuna ya saɓule. Usman ya ce in ja bakina in yi shiru, wanda bai sani ba ba shi da laifi, faɗin ba zai ƙara wa tsoho komai ba sai baƙin ciki. Gaskiyarsa. Amma tun ranar, da an kira magariba sai Baba ya miƙo hannu ya ce ina ta biyun nan. Na ce ta ƙare. Ƙarya cikin azumi, ga limami! Ki yi mini addu'a, na rasa inda zan sa kaina.

Taki cikin damuwa,
Lantana

Bahiya, watan Ƙaramar Salla

Yayata,

Gaisuwa da barka da Salla, da fatan kun yi ta lafiya. Allah ya maimaita mana.

Na faɗa masa. Ba jarumta ba ce, dole ce ta sa. Ranar Salla ya fara gaya wa jama'a cewa kowa ya sa ido a bakin ruwa, in jirgin nan ya dawo a samo irin khal ɗin, wai magani ne ga tsofaffi. Na ga in na yi shiru, unguwa guda zan jefa. Da mutane suka watse na durƙusa gabansa na zayyana masa komai, har da hawayen Bentu.

Na zaci zai faɗi, ko ya tsine mini. Sai kawai ya tambaya ko akwai wanda ya sani a cikin masu sha. Na ce babu. Ya ce to babu zunubi a kan kowa, azumi ya yi, salla ta yi, in tashi in daina jiƙa masa tabarma. Ya ce in ma akwai sakaci nasa ne, shi ya ba da fatawa a kan ganga bai bincika ba. Na ji sanyi, na ce Alhamdulillahi, an wuce wurin.

Ina! Ranar Juma'a, da aka taru a ɗakinsa, ya sa Malam Isma'ila ya ja salla, shi ya koma sahu. Aka yi ta kallon-kallo. Bayan sallama ya faɗa wa jama'a abin da ya faru, bai ambaci sunana ba. Ya ce ba don ya sha ya sauka ba. Ya ce da aka fasa masa haƙora, abin da bai sani ba ya ƙi, kuma duk shekarun nan yana ɗaukar kansa gwarzo a kan haka. Yanzu ya san ta, ya san haram ce, kuma tun ranar da aka gaya masa babu magaribar da ba ta faɗo masa a rai ba, har yawunsa ya tsinke. Ya ce mutum ba ya tsayawa gaban mutane yana karatu zuciyarsa na gindin ayaba. Yaya, da bakinsa, gaban yara da manya! Maza suka sunkuyar da kai. Ni ina bayan labule na toshe baki da gyale.

An roƙe shi ya koma, ya ƙi. Tarin ya dawo, barcin ya gudu, ya rame. Ya sa an mai da shimfiɗarsa ɗakin gaba, wai iska tana kawo masa ƙamshin daga bayan gida. Ni ban ji komai ba, amma na sa Usman ya zuba toka a wurin.

Jiya na kai masa ruwan randa. Ya sha, ya lalubo hannuna ya riƙe gam. Ya ce ya san kantin Bentu bai da nisa, kuma ya san ni da tausayi. Ya ce, "Lantana, ki yi mini alkawari. In na roƙe ki, ko da kuka nake yi, kada ki ba ni."

Na yi masa alkawarin. Ban san abin da zan ƙara miki ba. Ki sa malaman Ikko su sa shi a addu'a, ki gai da maigida da yara.

Ƙanwarki,
Lantana