Inci Biyun Da Na Kama Kawu Da Su

Zuwa ga Kawuna, maginin Ƙofar Dundaye, mazaunin gidan gaskiya. Gaisuwa da ladabi da durƙuso irin na ɗan ƙanwa.

Bayan haka, ina shelanta wa gabas da yamma, malamai da fatake, cewa yau da hantsi wani ɓarɓashin ƙasa ya ɓallo daga rufin zaurena ya sauka cikin furata ba sallama. Na bincika wannan babban al'amari, na gano maginin kirki ne ya yi ƙaranci a Sakkwato, kuma da hannuna a ciki.

Ka tuna shekarata ta ƙarshe a makarantar Midil, da na zo maka hutu in gwada ko gini ne sana'ata. Baturen da ke koya mana lissafi ya ce ina da idon zanen gidaje. Sai na iso da rula da littafi da farar riga, ina jin kaina Sarkin Magina.

Ka nuna mini ramin kwaɓi, ka ce, "Hidda takalmin nan ka shigo, ɗan boko, ƙasa ba ta cizo." Na shiga. Kwana tara ina taka ƙasa da ciyawa, ina murza tubali, kai kana bisa bango kana cafe su ɗaya-ɗaya ba ka ko dubawa. Ban taɓa gaya maka ba: daɗin kwanakin nan bai sake zuwa mini ba.

A rana ta goma aka ɗaure bakan gizo, wato lanƙwasasshen ginin nan mai riƙe rufi, a zauren wani dillalin shanu. Da ka sauka shan ruwa, na hau da rulata. Na tarar tsakiyarsa ta ɗara lissafina da inci biyu. Na sauko na sanar da haka da babbar murya, a gaban mai gidan da baƙinsa da ma'aikatanka. Har da kalmar "kuskure" na yi, Kawu, da Turanci, don ta fi nauyi.

Ba ka yi faɗa ba. Ka goge hannu a zanenka, ka ce, "Ɗanye na, bai zamna ba tukun." Da yamma ka ce wa Inna a mai da ni makaranta, can aka fi buƙatata. Mai gidan kuwa ya ba wani magini aikin sauran ɗakunan.

Na zama akawu. Na yi ƙiba.

Bayan shekara shida wata takardar ofis ta kai ni gidan dillalin nan. Na faki ido, na taka turmi, na auna. Ƙasa ta bushe, azara ta zauna, incin nan biyu sun shige inda ka tanadar musu. Daidai, ba ko tsinke. Daga can zuwa ƙofarka tafiyar shan ruwa ce. Na ce sai Juma'a. Na yi ta cewa sai Juma'a har aka aiko in zo jana'iza.

Da wane ido ka san yawan zaman da ɗanyar ƙasa za ta yi? Wannan kaɗai nake so in tambaya, kuma babu wanda ka bar wa amsar. Ni ne ka yi niyyar bar wa.

Allah Ya gafarta maka, Kawu, Ya yalwata makwancinka, Ya ba ka inuwa mai sanyi irin wadda ka yi wa mutane. Ka yafe mini.

Ni ne ɗan ƙanwarka, akawu, wanda ya gurfanar da kansa, ya amsa laifinsa, ya kuma yanke wa kansa tarar barin goro na kwana uku. Mai laifin ya roƙi sassauci. An ƙi.