Wurin Yatsan Ya Modu

Falmata ƙanwata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya sanyin Jos, yaya ƙafar taki? Mu nan Limanti lafiya lau, sai zafi.

Zafin ne ma ya ɓanɓare wuyan tsohuwar jitar marigayi Ya Modu. Na kai wa wani kafinta a Umarari, na ce ya manne wuyan kawai. Kin tuna wurin nan da ya koɗe a jikinta, inda yatsan Yaya yake gogawa in yana kaɗa mana waƙoƙinsa uku da ba a bambance su? Bawan Allah ya bi shi da samfefa, ya shafe jitar da fenti mai sheƙi. Yana murmushi ya ce, "Malam, har dattin nan na cire maka, kyauta."

Duk karatun nan nawa, godiya kawai na iya yi masa.

Tana kaɗuwa kamar da. Amma kullum a wurin nan nake ɗora hannuna kan nasa. Jiya na yi ta lalube, ban same shi ba.

Ki sa Ya Modu a addu'a, ki haɗa da ni. Ki gaida mutanen gidan duka.

Yayanki,
Bukar